Madarar Da Ba Ta Ga Wuta Ba

Da sunan Allah mai saukar da cuta da maganinta nake farawa. Malamarmu ta Hausa ce ta ce in rubuta wannan labari ko wani zai tsira, kuma wai takarda ce kaɗai za ta iya jure surutuna ba ta yi ciwon kai ba. Sunana Zulai, shekarata goma sha shida, a Jibiya aka haife ni. Mahaifina, Malam Lawal, direban haya ne tsakanin Jibiya da Maraɗi. Shi ya kwanta, ni na yi jinya. Kuma ni ce na riƙa kai masa cutar da hannuna, kullum da safe, a cikin fulas.

Tun da aka kawo Shari'a, gidajen giya suka kwashe kayansu suka tsallaka iyaka. Baba kuwa aikinsa ke nan tsallaka iyakar, sau biyu ko uku a yini. Ni dai ban san yana yada zango a can ba. Abin da na sani, wata rana yakan dawo yana taunar kanumfari kamar wanda duka haƙoransa ke ciwo, yana raha har da kajin gida. Sai damina ta faɗi, Inna ta haifi namiji, na farko bayan mu mata huɗu. Da aka miƙa wa Baba jaririn zai yi masa huɗuba a kunne, na ga ya daɗe yana kallon fuskar yaron. Ashe a wurin ya tuba.

Washegarin suna ya kira ni shagonsa da ke jikin zaure. Na tarar da Alƙur'ani a kan buzu.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "kina da alwala?"

"Ina da ita, Baba."

"Ɗora hannunki nan."

Na ce, "Baba, wallahi tsoka biyu ce kawai, kuma ɗayar duk ƙashi ce."

"Wace tsoka? Ke dai ɗora."

Ya kama hannuna ya ɗora. Ya sa na rantse cewa abin da zai faɗa mini ba zan faɗa wa kowa ba, mutum ko aljan. Sannan ya faɗa mini, kansa a ƙasa. Da ya gama, ni ce na rasa inda zan sa ido.

Akwai wani tsoho a tasha, Malam Nomau, tsohon direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, daga Maraɗi, wanda yanzu ba shi da aiki sai ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Shi ya gaya wa Baba cewa tuba da baki ba ta isa, don abin ya riga ya shiga tsoka da ɓargo, sai an wanko shi. Wankin kuwa kwana arba'in ne mutum na shan madarar shanu zalla, fari ya kori baƙi. Sharuɗɗa uku: kada madarar ta ga wuta, kada wani abu ya bi maƙogwaro in ba ruwa ba, kuma in aka karya ko da loma ɗaya ce, a koma daga farko.

"To Baba, mene ne na ɓoyo? Ai madara ce."

"Ba ki san tasha ba. Duk wanda aka gani da ƙwaryar madara ba fura, an san daga inda ya fito."

A lokacin kuwa ba a zancen komai sai bulala tamanin. Amma na lura ba bulalar ce ke tsorata shi ba. Inna yake tsoro ta ji, da mutanen da yake haɗa sahu da su a masallaci.

Aikina biyu ne. Da sassafe in tari Dije, wata Bafulatana da ke shigowa daga rugarsu ta hanyar Mazanya, in karɓi madara da ɗuminta. Sannan, tun da Inna na cikin wankan jego, Gwaggo kuma na fama da itacen ruwan zafi da kunun kanwa, ni ke kai wa Baba abinci, kuma dole kwano ya koma wayam.

"Wa zai cinye?" na tambaya.

"Ke."

Jama'a, ban taɓa jin hukunci mai daɗi irin wannan ba.

Mako biyun farko aljanna ce. Kwanon maigida ba irin namu ba ne, a can nama ke taruwa. In ci nawa a tsakar gida, in shiga shago in ci nasa, in fito ina tafiya kamar agwagwa. Kumatuna suka fito har ina hango su ba madubi. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Wai ke ce mai jegon ko uwarki?" Baba kuma ya ce jikinsa ya yi sakayau kamar an sauke masa buhu, har ya fara cewa wataƙila ya ƙara kwana goma na nafila.

Wata safiya na ga gashi da ɗan ƙasa-ƙasa a madarar, na ce wa Dije ko in ɗan ɗora ta a wuta.

"Kul!" ta ce, ta riƙe ƙwaryarta. "In kika dafa ta, hantsar saniyata za ta ƙafe. Mu tun kakanni ba mu ba mai dafawa. Ki rantse ko ki nemi wata."

Na ce ni rantsuwa ɗaya ma ta ishe ni kaya, amma na yi alkawari. To ka ga, mai ba da shawara ya ce kada ta ga wuta, mai saniya ta ce kada ta ga wuta. Ni wace ce?

A mako na uku zazzaɓi ya zo. Yana da lokacinsa kamar ma'aikacin gwamnati. Da an yi la'asar sai Baba ya fara rawar ɗari, a lulluɓa masa bargo biyu yana neman na uku. Kafin gari ya waye ya jiƙa katifa da gumi, wani irin gumi mai warin harawar da ruwa ya doka. Da safe kuma ya miƙe garau ya ɗauki makullin mota. Damina ce, kowa ya ce sauro ne. Mai kemis ya yi masa allura uku. Zazzaɓin ya tafi hutu na kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa.

Malam Nomau ya leƙo duba shi. Ya taɓa goshinsa, ya shinshina iska, ya washe baki.

"Alhamdu lillahi! Ka ji warin nan? Dattin ne shina hita. Wanga gumi da kake gani, shekara goma ce ke zuba. Ka daure, Lawali."

Baba ya yi murna har da hawaye. Ni ma na yi murna, Allah ya yafe mini.

Mako na huɗu ciwo ya sauka a gwiwa, ya hau ƙugu, ya zauna a gadon baya. Baba ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Duk da haka yana fita, don motar haya ba ta san mai ita ba shi da lafiya ba. Wata ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, ya tsaya a duwan, wato kwastan ta wancan ɓangare, zai fita ya nuna takardu, ƙafa ta ce ba da ita ba. Jandarma ya ɗauka raini ne, ya yi ta zuba masa Faransanci, sai da ya buɗe ƙofar ya ga mutum na karkarwa. Fasinjoji suka kwantar da shi a kujerar baya, wani ya tuƙo. Kawu Sani, ƙanen Inna da ke lodi a tasha, shi ya wuce da shi asibiti.

A nan aka rufe ni.

Layin yankar kati kawai, na rantse da an haifi yaro a farkonsa, kafin a kai ƙarshe ya yi wayo. Daga nan layin ganin likita, layin ɗibar jini, layin karɓar sakamako, layin a gaya maka babu maganin, je ka saya a waje. Aka ce zazzaɓin sauro ne da taifot. Aka ba mu gado a ɗakin maza, kusa da taga. Kada ka yi mana murna, tagar katanga take kallo. Akwai fanka a sama, amma tun da na zo ban ga ta motsa ba sai ranar da tsuntsu ya sauka a kanta.

Kawu Sani ke kwana, ni ke yini, don ba a barin Inna ta shigo da jariri. Kullum in zo da fulas a ƙarƙashin hijabi. Allah ya saka wa wanda ya ƙago dogon hijabi, ko tunkiya ka ɓoye a ciki ba mai sani. Kowa ya ɗauka kunu ne. In zuba a murfin, Baba ya juya wajen katanga ya shanye. Abincin da ake aikowa kuwa, yanzu ya daina wuce mini. Na riƙa tura shi ga wani tsoho mai karaya a gadon kusa, bawan Allah, bai taɓa tambayar dalili ba, sai dai ya tambayi yaji.

Aka koma makaranta. Da safe ina jin ƙawayena na wucewa ta bayan katangar nan suna shewa, har ina gane muryar kowace. Ni kuwa ina zaune a kan benci ina korar ƙuda, na haddace tsagar bangon ɗakin kamar karatun allo.

Masu dubiya ba su bar mu ba, kuma kowa da ilminsa. Gwaggo ta ce sammu ne, 'yan tasha ke baƙin cikin motarsa, ta zo da turaren hayaƙi sai da nas ta kore ta. Wani ya ce shawara ce, a nemo saiwa. Wata ta ce ai ya bi ta bakin dam da tsakar rana, mutanen ɓoye ne. Wani ya ce a tsallaka da shi Maraɗi, maganin Faransa ya fi kaifi. Duk wanda ya faɗi nasa sai ya juyo gare ni: "Ke da kike tare da shi, ba ki lura da komai ba?" In ce a'a. Ni da ake cewa ko gishiri aka ba ni ajiya sai na ba da labarinsa.

Amma fa ba zan ci amanar mutane ba. Direbobin tasha sun yi karo-karo sun kawo ba a roƙe su ba. Wata nas mai suna Asabe, duk da faɗanta, ita ke nemo jijiyar Baba in kowa ya kasa, tana yi tana ce masa, "Yi haƙuri babana." Akuyar Inna ta tafi kantin magani, 'yan kunnenta suka bi ta, ba ta ce uffan ba.

Ranar kwana na talatin da huɗu, saura shida a gama, na iso da safe na tarar da Baba na kuka. Kuka sosai, irin na yara. Kawu Sani na tsaye da cokali a hannu ya rasa abin yi.

"Kunu fa kawai na ba shi," ya ce mini. "Cokali ɗaya! Na ga ko motsi ba ya yi, na ɗaga kansa na zuba. Sai ka ce guba na ba shi."

Da Kawu ya fita, na durƙusa kusa da kunnen Baba.

"Baba, ai ba da gangan ba ne."

"Ya wuce maƙogwaro, Uwata."

"To yanzu fa?"

"Daga ɗaya."

"Daga ɗaya, Baba?"

"Daga ɗaya."

Na dubi tagar nan da katangarta. Wani arba'in. Na ji kamar an ƙara wa ɗakin kwaɗo.

Mako na bakwai aka sallame mu, don zazzaɓin ya lafa. Kwana huɗu muka yi a gida ya dawo, ya zo da ƙannensa. Muka koma, kuma kamar gadon ya san mu, shi aka sake ba mu. Yanzu Baba ba ya iya zama. A kwance yake sallah, da ido da yatsa.

Akwai wani likita da ke zuwa daga Katsina duk Talata. Dogo ne, yana tafiya kamar ana binsa bashi. Ya daɗe yana juya takardun Baba, ya danna bayansa Baba ya yi ƙara, sannan ya ja kujera ya zauna, abin da ban taɓa ganin likita ya yi ba.

"Malam, an yi maganin sauro sau uku, an yi na taifot sau biyu. Wani abu ne daban. Kana kiwo?"

"A'a."

"Ka taɓa aikin fawa, ko jima?"

"A'a."

"Kana shan madarar da ba a dafa ba?"

Na ji fulas ɗin da ke jikina ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

"A'a," in ji Baba. Bai dubi likita ba, ni ya duba.

"Ke fa, 'yan mata? Me yake ci a gida?"

Na sunkuya ina kallon silifas ɗina kamar yau na fara ganinsu. Likita ya jira, ya jira, ya miƙe.

"Ina faɗa da abin da ban san sunansa ba," ya ce. "Zan dawo Talata. Amma in gaya muku gaskiya, jikin nan ba shi da Talata da yawa."

Wannan maganar ta bi ni gida, ta kwana da ni, ta tashe ni.

Ranar Alhamis Dije ta zo a makare, fuska ba walwala. Ta ce shanunsu uku sun yi ɓari a daminar nan, ɗanta kuma gwiwarsa ta kumbura, zazzaɓi na kama shi da yamma. "Da yamma?" na ce. Ta ce, "Da an yi la'asar." Na karɓi madarar. Kuma, don in faɗi gaskiya duka, na kai masa. Ya sha.

Ranar Asabar ya kira ni kusa. Ya ce in Allah ya yi ikonsa, kada a sayar da motar, a ba Kawu Sani ya riƙa nema mana abinci. Ya ce shi burinsa ɗaya, ya cika arba'in ɗin kafin a zo ɗaukarsa, ya tafi da ciki mai tsabta. Na ce, "Baba, ka bar ni in faɗa." Ya ce, "Kin dafa Alƙur'ani." Ya rufe ido.

Da yamma na tafi gidan malamar Islamiyyarmu. Na same ta tana tsince shinkafa.

"Malama, wata ƙawata ce ta aiko ni da tambaya."

"Ita ma ƙawar taki Zulai sunanta?"

"Malama, don Allah."

Ta ajiye faifan. Na ce ƙawar tawa ta rantse da Alƙur'ani ba za ta faɗi wata magana ba, kuma in ba ta faɗa ba wani zai iya mutuwa. In ta faɗa, kuturta za ta yi ko haukacewa?

"Wa ya gaya miki haka? Rantsuwar da za ta kashe mutum ba a riƙe ta. Ta faɗa, sannan ta yi kaffara. In tana da hali ta ciyar da miskinai goma ko ta tufatar da su, in ba ta da shi ta yi azumi uku. Barin maganar a ciki shi ne zunubin."

"To wanda ya yi saɓo ya tuba fa, akwai abin da zai sha ya wanke cikinsa?"

Ta daɗe tana kallona. "Tuba nadama ce, da dainawa, da niyyar ba za a koma ba. Ba a sayar da ita a ƙwarya. Tashi ki tafi, ki gaida ƙawar taki."

Na fito da sauƙi rabi. Na daina tsoron kuturta. Saura idon Baba.

Ranar Talata na tsaya a baranda tun kafin masu shara su gama. Da na hango likitan ya taho da saurinsa, na sha gabansa, na zaro fulas na miƙa masa. Ya buɗe, ya shinshina, ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Ita kaɗai yake sha, ba ya cin komai. Amma likita, don girman Allah, a asirce..."

Ina! Kafin in rufe baki ya kai ƙofar ɗaki. Na bi shi da gudu. A bakin gadon kuwa ga Kawu Sani, ga direbobi huɗu sun zo dubiya kafin su fara lodi.

"Malam Lawal!" Muryarsa har ɗakin mata. "Wata biyu kana shan ɗanyar madara zalla, ina tambayarka kana ce mini a'a?"

Tsoho mai karaya ya tsaya da loma a hannu. Direbobin suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Baba ya dube ni sau ɗaya. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Sannan ya juya fuskarsa ga katanga.

Likita bai san abin da ya fasa ba, shi murna ma yake. Ya ce a ɗebi jini a kai Katsina, amma ya riga ya san sunanta: burusela. Cutar shanu ce, ita ke sa su ɓari, tana bin ɗanyar madara ta shiga mutum ta ɓuya a ƙashi da gaɓoɓi, ta leƙo da yamma ta koma. Ya ce ga ta, ga yunwa, su biyu suka taru a kansa. Ya ɗaga fulas ɗin ya ce, "Da an tafasa wannan, da ni da ku ba mu san juna ba." Allura kullum har mako uku, ƙwayoyi mako shida, kuma a fara ba shi abinci yau, kaɗan-kaɗan.

Da ya fita, Kawu Sani ya zauna a bakin gadon.

"Yaya Lawal, don wannan ka so ka kashe kanka? Don kada mu sani?" Ya girgiza kai. "Wa kake tsammani ke zare makulli daga aljihunka a tsallake, ya tuƙo ka har ƙofar gida?"

Wani direba, Ɗanjuma, ya ce, "Mu da muka yi sadakar ƙosai ran da muka ga ka wuce wurin ba ka tsaya ba."

Baba bai juyo ba. Kafaɗarsa kawai na ga tana motsi.

Inna kuwa, da na koma gida ina ta kewaye-kewayen yadda zan fara, ta katse ni. "Shekara nawa ina wanke rigunansa? Ni kanumfari zai ruɗa?" Sai ta fashe da kuka, ta ce abin da ba ta sani ba shi ne madarar, kuma da ta sani da ta fasa fulas ɗin a kaina. Ashe duk garin ni kaɗai ce ban sani ba, kuma ni aka ba gadin sirrin.

Magani ya karɓe shi. Kwana biyar zazzaɓi ya fara makara, kwana goma ya daina zuwa. Baba ya fara shan kunu, ya koma fate, ya kai ga tuwo. Kawu Sani ya je har ruga ya ɗauko ɗan Dije aka duba shi, shi ma ita ce. Dije ta yi fushi da ni da farko, wai na ɓata wa shanunta suna, amma ba na ganin laifinta, abin da ta sayar mana shi take ba 'ya'yanta. Malam Nomau bai sake leƙowa ba. Na ji yana faɗa a tasha wai cokalin kunun nan ne ya ɓata aikin.

Sai dai Baba ya daina yi mini magana. In na miƙa magani, ya jira Kawu ya zo ya karɓa daga hannunsa. In na gaishe shi, ya amsa wa bango. Mako uku na ƙara yi a kan bencin nan, kusa da mutumin da ba ya ganina. Na ɗauka na san kurkuku a da, ashe ban sani ba.

Aka sallame mu, wannan karon da gaske. Amma cutar ta riga ta ci gadon bayansa. Da sanda yake tafiya, kuma likita ya ce ya manta da dogon tuƙi. Motar na hannun Kawu Sani. Baba na zama a benci a tasha yana tsara layin motoci, yana kallon suna tafiya Maraɗi ba shi. Ni kuma zangon karatu ya wuce ni, sai na maimaita.

Don haka ga abin da nake roƙon mai karatu. Madara abinci ce mai albarka, amma a tafasa ta, ko wa ya ce kada a tafasa. Duk wanda ya ce ka bar abinci kwana arba'in don wanke ciki, ka tambaye shi a wane littafi ya gani. In zazzaɓi na zuwa yana komawa, an yi maganin sauro ya ƙi, a gaya wa likita duk abin da ya bi maƙogwaro, ko da abin kunya ne. Kuma iyaye, don Allah, ku daina sa 'ya'yanku dafa Alƙur'ani a kan abin da ku kanku kuka kasa ɗauka.

Saura kaffara. Ba ni da abin ciyar da miskini ko ɗaya, ni ma a lissafina miskiniya ce, don haka azumi uku ya hau kaina. Na jira sai da Baba ya shanye ƙwayarsa ta ƙarshe, na ɗaura niyya ranar Litinin. Azumi ba a watansa ba, kowa na ci kana kallo, wannan shi ne azaba. Rana ta uku na kwanta a tabarma tun azahar ina yi wa ƙannena wasiyyar wa zai gaji ɗankwalina.

Dab da magariba ƙanwata ta zo ta ce Baba na kira. Na ce ta sake tambayowa, wataƙila wata yake nufi. Ta dawo ta ce ni.

Na shiga shagon na durƙusa daga bakin ƙofa. Yana zaune a kan buzu, ya jingina da bango, sandarsa a gefe. A gabansa kofi biyu na ruwa da 'yan dabino a faranti. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari.

"Baba, azumi kake?"

"Yau uku."

"Ai kai ba ka rantse ba."

"Na tambayi liman, ya ce babu kaffara a kaina." Ya ɗauki dabino ɗaya yana juya shi a yatsunsa. "Amma ni na kama hannun na ɗora."

Daga masallacin unguwa aka fara gyaran lasifika, tana ƙara.

"Ranar nan a asibiti," ya ce, "da ina da ƙafa, da na tashi na bar garin. Na yi ta jin haushinki. Kullum in na ga yaron nan a bayan uwarsa sai in ce, da yanzu maraya ne. Sai in ƙara jin haushi, don na san wa ke da gaskiya." Ya ɗago ya dube ni, karo na farko cikin wata biyu. "Ki yafe mini."

Ban taɓa jin uba ya faɗa wa 'yarsa haka ba. Ladan ya ɗaga murya. Baba ya turo kofi ɗaya gabana.

"Ka fara, Baba."

"A'a," ya ce. "Naki ne na wajibi. Sha."